Yarona ya shekara 2 da wata 3 bai fara magana ba, in jira ko in kai shi asibiti?

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, abin ya kwana biyu yana ci na a rai. Yarona shekararsa 2 da wata 3 amma har yau ba kalma ko ɗaya, ko Mama ba ya cewa, sai dai "aaa" da ƙara in ransa ya ɓaci. Tafiya kam tun yana wata 13 ya yi, gudunsa ma ya fi ƙarfina. In yana son ruwa sai ya kamo hannuna ya ja ni har gaban randa ya ɗora hannun nawa a kan murfin. In na kira sunansa wani lokacin ya waiwayo, wani lokacin kamar da bango nake. Na yi wa babansa maganar asibiti, shi kuma ya kai wa Hajiyarsu, ta ce ai shi ma uban sai da ya shekara 3 ya buɗe baki, nauyin baki gadon gidansu ne, wai ni ce ke neman jawo wa yaro ciwon da babu. Ta ce in ma na matsa a kira wanzami ya duba linzami. Ni dai wallahi hankalina bai kwanta ba, 'yar maƙociyata da ya girme ta da wata 5 tana nan tana ta zuba kamar rediyo. In jira ne ko yaya zan yi?

Goggo_Rabi:
Kwantar da hankalinki 'yata. Na haifi 9, cikinsu akwai wanda sai da aka yaye ƙaninsa sannan ya fara magana, yanzu shi ne mai gardamar gidan. Maza dama haka suke. Ku 'yan zamani komai asibiti.

Ummu_Khairat:
Allah ya buɗi bakinsa. Ki dage da addu'a da tofi safe da yamma.

Nas_Fati:
Wa alaikumus salam. Goggo ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki. Gaskiya ne akwai yaran da ke yin jinkiri su kamo daga baya, amma matsalar ita ce daga zaune a gida ba wanda zai iya cewa wannan zai kamo wancan ba zai kamo ba. Abin da muke dubawa a asibiti: yaro ɗan shekara 1 ya kamata yana gwalangwaso irin bababa mamama, yana ɗaga hannu bai-bai. A wata 18 ya zama yana da 'yan kalmomi ko 3 ne, yana nuna abu da yatsa. A shekara 2 ya fara haɗa kalma 2, kamar "Mama ruwa". Naki ya wuce shekara 2 ba kalma ko ɗaya, kuma ba kullum yake amsa sunansa ba, wannan ba na jira ba ne Maman Haidar. Farkon abin da za a yi gwajin ji. Ki je ɓangaren yara ki ce a tura ki wajen likitan kunne. In a Kano kike akwai Asibitin Malam Aminu Kano, in Kaduna ta fi miki kusa akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa.

Maman_Haidar:
Na gode Anti Fati. Amma fa yana ji, ko yana tsakar gida in aka kunna kartun a wayata da gudu yake shigowa.

Baban_Yanbiyu:
Hmm. Irin maganar da na dinga yi kenan a kan 'yata. Tana wata 10 ta yi zazzaɓi mai zafi har wuyanta ya sanƙare, aka kwantar da mu aka ce sanƙarau ne, ta warke muka dawo gida muna hamdala. Ba wanda ya ce mana a dawo a auna kunnenta. Shekara 2, shekara 3, shiru. In na buga ƙofa ta juyo, in na jefar da faranti ta juyo, sai in ce wa uwar kin gani ai tana ji. Ashe girgizar ƙasa take ji a ƙafarta, wani lokacin kuma inuwata take gani. Sai da ta kusa shekara 4 wani abokina ya matsa min muka je aka gwada, likitan ya kalle ni ya ce malam ina kuka tsaya? Kalmar nan har yau tana min yawo a kai. An sa mata na'urar ji, tana kuma koyon maganar hannu, alhamdulillah tana makaranta, amma furucinta ba ya fita sosai. Da tun lokacin muka je da ba haka ba. Ki je kawai 'yar uwa, in aka ce lafiya lau me kika rasa, kuɗin adaidaita?

Abu_Sumayya:
Ni a ɓangaren gwajin ji nake aiki. Mutane sun ɗauka ko kurma ko mai ji, ba tsakiya. Akwai yaron da ke jin ƙarar mota da kiɗan kartun amma sautuka masu siriri irin s da sh da f ba sa isa gare shi, magana tana zuwa masa kamar kana cikin ruwa ana kiranka. Akwai kuma wanda ruwa ne ya taru a bayan dodon kunne saboda yawan mura, wannan ana maganinsa. Gwajin ba zafi, wani ɗan abu ne kamar iyafis ake sa wa a kunne, ko jariri ɗan kwana 2 ana yi masa yana barci. Akwai na biyu da ake manna wayoyi a goshi da bayan kunne a ga ko saƙon na isa ƙwaƙwalwa. Tafi da hannu a bayan yaro ko buga murfin tukunya ba gwaji ba ne.

Maman_Twins22:
Tsaya tukuna, kin ce kartun a waya. Awa nawa yake yi da ita a rana? Dan ni abin da ya faru da nawa kenan, ina ɗinki sai in miƙa musu waya su bar ni in yi aiki.

Maman_Haidar:
Gaskiya yana daɗewa, ba zan ɓoye ba. In ina girki ko wanki ita nake ba shi, wani lokacin har caji ya ƙare.

Maman_Twins22:
To ki ƙwace. Sati na farko kuka za ki sha kamar gidan zai tsage, daga baya su manta.

Nas_Fati:
A rage waya kam, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kar a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 kuma kar ya wuce awa 1 a rana. Amma kar a ce an gano dalili a fasa zuwa asibiti. A yi duka biyun.

Sadiya_ZRX:
Maganar linzami ba wanda ya taɓa. Dan girman Allah kar ki bari a sa masa aska a baki. Linzami in ya yi gajere shan nono yake wahalarwa, ko furta wasu haruffa, ba ya hana yaro sanin kalma ko amsa sunansa. Ɗan yayata aka yi wa, jini ya ƙi tsayawa har sai da aka ƙara masa a asibiti, kuma maganar ba ta zo ba.

Goggo_Rabi:
Mu dai duk an cire mana beli an yanke linzami ga mu nan da ranmu.

Uwar_Mujahid:
Na daɗe a gurup ɗin nan ban taɓa magana ba amma yau zan yi. Nawa matsalar ba ta magana kaɗai ba ce. Kwana 3 da haihuwarsa idonsa ya yi ɗorawa, tsofaffi suka ce shawara ce kowane jariri na yi, a dinga fito da shi hantsi a ba shi ruwan gulukos. Haka muka yi ta yi. Kwana 6 ya daina kama nono, yana wani irin kuka mai tsini yana banƙarewa ta baya, ana gobe suna muka tafi asibiti. Aka sa shi a ƙarƙashin shuɗiyar fitilar nan, aka canza masa jini, likita ta tambaye ni ko ina sa kafur a kayansa, na ce akwatin kayan jariri cike yake da shi dan ƙamshi. Ta ce akwai yaran da jininsu ba ya jure kafur, yana farfasa musu jini shawarar ta hau ta taɓa ƙwaƙwalwa. Wallahi ban taɓa ji ba sai ranar.

Wata 6 wuyansa bai tsaya ba, in na goya shi kai na lilo. Wata 9 ba zama. Nan fa maganganu suka fara, wata ta ce ɗan ruwa ne, wata ta ce an musanya min shi ranar da na bar shi shi kaɗai a ɗaki da magariba. Akwai wadda ta ce a kai shi bakin kogi a ajiye a juya baya a ga abin da zai koma. Ɗan da na ɗauka wata 9 a cikina fa. Na yi kuka har na gode Allah. In ana biki a gidan a ɗaki nake kulle kaina da shi.

Yana wata 11 wata maƙociya ta raka ni wajen masu gashi, fisiyo. Matar da ta duba shi ba ta ba mu ko ƙwayar magani ba, ta shimfiɗa shi rub da ciki ta naɗe zani ta sa masa a ƙarƙashin ƙirji, ta ce in kwanta a gabansa fuska da fuska in dinga kaɗa masa makulli yana ƙoƙarin ɗago kai. Ta koya min yadda zan ɗauke shi ƙafafu a buɗe a kan ƙuguna, da yadda zan zaunar da shi a cikin bahon wanki in kewaye shi da filo, da yadda zan ba shi kunu ba ya shaƙewa. Ta ce zuwa wajenta sau 1 ne a sati, sauran kwana 6 ni ce likitar. Wata 3 muna yi ranar nan ina shara na waiwayo na ga ya ɗago kai yana bina da ido, tsintsiyar na yar na zauna a ƙasa. Yanzu shekararsa 5, yana zama, yana tsayawa da abin dafawa, yana cewa Umma. Ba zan ce miki ya zama kamar sauran yara ba. Amma watannin da na ɓata ina sauraron mutane su ne ke min ciwo.

Ummu_Khairat:
Innalillahi. Kin sa ni hawaye. Allah ya ba ki ladan jinya, ya sa shi ne silar aljannarki.

Maman_Twins22:
Kafur?? Yanzu haka akwai shi a durowar jaririyata. Bari in tashi.

Malam_Nura:
Allah ya saka wa Uwar Mujahid. Ina so in ja hankali, maganar ɗan ruwa da kai yaro kogi ba ta da tushe a addini, kisan kai ne kawai aka sa wa wani suna. Addu'a da ruƙya ba su hana zuwa asibiti, hadisi ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Kuma mu maza mu ji tsoron Allah, a bar mace ita kaɗai da ɗawainiya sannan a ce daga danginta ne.

Hajjo_Minnesota:
Ni ina Amurka, bari in faɗi yadda ake yi a nan ko za a ƙaru. Akwai doka ta tarayya da ta tanadi tallafi ga yara daga haihuwa zuwa shekara 3, kowace jiha da shirinta. Ba sai likita ya tura ka ba, uwa da kanta za ta ɗaga waya ta ce ina da damuwa a kan ɗana. Gwajin kyauta ne, kuma cikin kwana 45 dole a duba yaron a zauna da iyaye a rubuta tsarin abin da za a yi masa. Ɗana na biyu haka aka yi, mai koyar da magana har gida take zuwa. Abin da ya ba ni mamaki ba ta zo da wasu injina ba, a kan kafet ta zauna, rabin lokacin ma ni take koya wa. Ta ce in daina ba shi abu tun kafin ya nema, in riƙe kofi a kusa da bakina in ce "ruwa" in yi shiru in ƙirga 5 a zuciyata in ba shi dama. Na tambaye ta ko Hausa da Turanci da muke haɗa masa ne suka rikita shi, ta ce sam, harshe 2 ba ya jawo jinkiri, in ci gaba da yi masa Hausa. Kunne kuwa tun kafin a sallame ki daga haihuwa ake gwada jariri.

Dan_Kurna:
Hajiya nan Najeriya ce fa. Mu da muke layi tun asuba dan karɓar kati, a ba ka ranar ganin likita wata 2 gaba. Masu koyar da maganar nan nawa ne a duk Arewa? Masu zaman kansu kuma kuɗinsu sai mai hali. An sa hannu a dokar masu buƙata ta musamman tun Janairun 2019, an kafa hukuma, talaka a ƙauye me ya gani?

Hajjo_Minnesota:
Ban musa ba ɗan uwa. Abin da nake nufi yawancin abin da matar ta koya min ba ya buƙatar ko sisi.

Malama_Zee:
Dan Kurna ka yi gaskiya amma kar a sare. Akwai wani aiki da aka yi a Jamaika a shekarun 1980 da muka karanta a makaranta, yara ne 'yan wata 9 zuwa 24 da rashin abinci ya tsumburar, ma'aikatan lafiya na unguwa suna zuwa gidajensu sau 1 a sati har shekara 2, suna koya wa uwa wasa da hira da yaro da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka tarar abin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa ba da kusan kashi 25 cikin 100. Jamaika ba Amurka ba ce. Mu matsalarmu ba ma yi wa jariri hira, sai a ce me ya sani. Yana goye a baya tun safe, ba ya ganin bakinki. Ki sauke shi, kina wanke-wanke kina faɗa masa ga cokali ga kwano, ki yi masa tawai, ki yi masa waƙa, in ya ce "ba" ki amsa masa kamar ya faɗi magana.

Sarkin_Gardama:
Ni fa ina zargin alluran rigakafin nan ne. Da can ina aka san wannan?

Nas_Fati:
Da can ma akwai, ɓoye su ake a ɗaki, ka karanta abin da Uwar Mujahid ta rubuta. Zargin rigakafin kuma daga binciken da wani likita ya wallafa a wata mujalla ne a Ingila a 1998, aka gano ya yi maguɗi a binciken, mujallar ta janye shi a 2010 aka kuma soke lasisinsa. Sanƙarau da ƙyanda da rigakafin ke karewa su ne ma suke kurumtar da yara, ga Baban Yanbiyu nan ka tambaye shi.

Dan_Anka:
In ana lissafin abin da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara a sa dalma. Mu a Zamfara mun gani a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum inda ake daka dutsen zinare a cikin gida, yara wajen 400 suka rasu, waɗanda suka rayu da yawa an bar su da matsala. Kuma kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai shi ma akwai dalma a ciki.

Goggo_Rabi:
To yanzu har kwalli? Kafur ba kyau, kwalli ba kyau, wanzami ba kyau. Allah ya kyauta.

Yar_Maradi:
Mu nan Nijar abin da munka fi gani tamowa ce, yaro shi rame ko zama bai iyawa. In an kai shi likita ana ba shi abincin gyaɗar nan, kuma ana ce ma uwa ta riƙa wasa da shi, ba abinci kaɗai ba. Wata tambaya, ɗiyata bakwaini ce, watanta 8 ba ta zama, in damu?

Nas_Fati:
Yar Maradi, bakwaini ana cire masa watannin da bai cika a ciki ba har ya kai shekara 2. In da wata 2 ta riga lokaci to a lissafi 'yar wata 6 ce. Yara masu lafiya suna fara zama tsakanin wata 4 da 9, tafiya tsakanin wata 8 da kusan 18, wasu ma ba sa rarrafe sam sai dai su miƙe. Amma ki faɗa musu a wajen awo su duba ƙarfin wuyanta da bayanta.

Ummi_Special:
A dawo kan Haidar. Ba ina cewa otizim ne ba, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, likita ne zai faɗa, amma jan hannunki zuwa randa maimakon ya nuna da yatsa, da rashin amsa suna, ki ambace su a asibiti da bakinki kar ki ce magana kawai. Ki lura, yana kallon idonki? Yana kawo miki abu dan ya nuna miki? In kin nuna masa jirgi a sama yana bin yatsanki? Akwai takardar tambayoyi 20 da ake cike wa yara 'yan wata 16 zuwa 30 dan tantance otizim, shi yana cikin shekarun. Mutanenmu komai galahanga suke ce masa, alhali ciwukan daban-daban ne kuma taimakon kowanne daban.

Maman_Haidar:
Yana kallona in muna wasan ɓuya har ya ƙyalƙyale, amma nuni da yatsa gaskiya ban taɓa gani ba. Jikina duk ya yi sanyi. Damuwata yanzu yadda zan fita, babansa ba ya tsallake maganar Hajiya.

Baban_Yanbiyu:
Kar ki ce masa yaro na da matsala, namiji ba ya son jin wannan, ni na san yadda na yi. Ki ce kunne kawai za a duba. In da hali ki tura masa abin da na rubuta.

Sadiya_ZRX:
Ko ki lallaɓa Hajiyar ki ce ita za ta raka ku, in ta ji daga bakin likita ita za ta dawo tana ba da umarni a gida.

Goggo_Rabi:
Wannan kuma dabara ce. Ni ma in surukata ta ce in raka ta ba zan ƙi ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ina nan a kan bakana yaron nan zai yi magana.

Maman_Haidar:
Na tura masa, ya karanta bai ce komai ba, sai da daddare ya ce in nemo katin awon yaron. Wayar kuma na ɓoye tun la'asar, yanzu haka yana birgima a tsakar ɗaki. Abu Sumayya dan Allah gwajin sai da azumi ake zuwa ko zai iya karyawa?

Abu_Sumayya:
Na farkon ya ci abincinsa ba komai. In sun ce za a yi na biyun za su faɗa miki yadda za ki shirya shi, dan ana so ya yi barci. Ki tafi da katin, ki kuma tuna ko ya yi shawara ko doguwar naƙuda ko bai yi kuka da wuri ba ranar haihuwa, duk za su tambaya.

Maman_Twins22:
Na kwashe kafur ɗin, 11 na ƙirga. Kayan sai na sake wankewa ko shanya ta isa?